Tokar Bakin Kogo

Rani a Kaptelel wata uku ne, wata shekarar ma ba ya cika ukun. Da ruwa ya ɗauke, hanyar dutse ta bushe, sai baƙi su fara zuwa da manya-manyan takalmansu, mutanen gari su jingine fartanya su ɗauki igiyar dako. Temko wannan ne raninta na uku tana hawa da kaya a baya, igiya a goshi. Ba don ƙarfinta aka ɗauke ta ba, ko da yake tana da shi. An ɗauke ta ne don babanta Ndiema ya ce in ba da ita ba, ba zai ƙara hawa ba. Mutane suka yi dariya, suka ce tsufa ne, tsoho yana son mai haɗa masa shayi.

Ndiema shi ne mai karanta toka.

Kogon da baƙin ke zuwa gani na giwaye ne. Da duhu suke shiga, su kankare gishirin bango da haure, su ci, su fito kafin gari ya waye. A bakin kogon akwai wani dutse kamar ɗaki. Ta hagunsa suke shiga, ta damansa suke fita, haka uwayensu suka yi, haka su ma suke yi. Kowace yamma makiyayan da ke kusa sukan tankaɗe toka su baza a hanyoyin biyu. Da safe Ndiema ya tsuguna ya ƙirga nawa suka shiga, nawa suka fito. In ya zo daidai, sai ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, a share tokar da reshe, sannan ya shiga shi kaɗai taku ɗari kafin ya kira sauran. Wanda ya karanta shi ke fara shiga, ta haka ake sanin bai yi wasa da ran mutane ba. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin Ndiema ya faɗi lissafi ya janye ba.

Abin da garin bai sani ba shi ne yanar ido ta rufe masa gani. Rani biyu ke nan ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Hanyar dutse ƙafarsa ta haddace ta, mutane kuma muryarsu ya riƙe. Toka ce kawai ba a haddacewa. Don haka in ya tsuguna, Temko takan tsaya a bayansa kamar tana gyara igiyar kayanta, ta duba ta saman kafaɗarsa, ta taɓa dunduniyarsa da babban yatsan ƙafarta, kowace giwa taɓi ɗaya. Shi kuma ya shafa tokar da hannu, ya ɗaga kai ya faɗa. Ko sau ɗaya ba su taɓa yin maganar ba, ko a gida.

Ranar nan baƙi biyu ne, miji da mata daga Nairobi. Matar sunanta Nyokabi, mai yawan surutu da dariya. Mijin kuwa tun daga gari yake ɗaukar hoton komai, har da jakin mai sayar da dankali. Kiboi ne ya kawo su. Shi ke nemo baƙi, shi ke raba kaya, bai fi shekara talatin da biyar ba, yana da sabuwar rigar sanyi ja da baki mai kaifi.

“Malama Shiru, yau ma ba gaisuwa?” ya ce wa Temko yana ɗaure mata kayan. “Wallahi ranar da kika yi magana sai na yanka akuya.”

Ta sunkuyar da kai ta ɗauki kayanta.

Sun wuce gonakin masara na ƙarshe, sun shiga dajin gora rana ta ɗan ɗago. A nan Temko ta fara jin wani abu bai yi mata ba. Kullum in sun iso nan birai kan bi su ta sama suna ihu, yau ko ɗaya babu. Gorar gefen hanya an karya ta da yawa, sabuwar karaya, ruwanta bai bushe ba, amma ba a ci ganyen ba. Giwa ba ta karya gora ta bar ta. Ta dubi babanta. Yana gaba da sandarsa, wuyansa a miƙe, yana tafiya kamar mai gani.

Saura kaɗan su isa, Nyokabi ta dafe ciki.

“Wayyo, madarar nan ta safe ba ta karɓe ni ba. Ku ɗan jira ni.”

“Temko, tsaya da ita, ke ce mace,” in ji Kiboi. “Mu za mu yi gaba, ku same mu a bakin kogo.”

Ndiema ya tsaya cak. “A jira su mana.”

“Haba Tsoho, jiran me? Ga kogon can. Ko sai an riƙe maka hannu?”

Da wasa ya faɗa. Amma Ndiema ya juya ya ci gaba da hawa.

Nyokabi ta daɗe a bayan gorar. Daga can tana ta magana, tana tambayar Temko ko tana da saurayi, ko ta gama sakandare, me ya sa yarinya mai kyau irinta take dako. Temko tana amsawa da “e” da “a'a”, idonta a kan hanyar da mazan suka bi. Ta sauke kayan, ta sake ɗauka. Tana cikin haka muryar babanta ta gangaro daga sama, irin muryar da yake ajiyewa don wannan aikin kawai.

“Shida sun shiga! Shida sun fito!”

Ta bar matar a nan ta hau da gudu, kayan yana dukan bayanta.

Ba a share tokar ba tukuna. Kiboi yana tsaye da reshe a hannu, yana jiran baƙon ya gama ɗaukar hoton sawun. Temko ta fara duba ta hagu. Shida ne, ta san su kamar 'yan gidansu: Tsohuwa mai tsaga a tafin ƙafar baya, 'ya'yanta mata uku, matashin toron giwa ɗaya, da ɗan shekara biyu. Ta zagaya ta dama. Matan uku. Toron. Ɗan shekara biyun. Sai wani sawu ɗan ƙarami, bai fi tafin hannunta ba, yana tangaɗi tsakanin manyan, nan ya zame, can ya ja ƙafa. A gefensa toka ta dunƙule inda wani abu ya ɗiga.

Ta nemi tsagar. Ta bi tokar daga farko har ƙarshe, ta sake dawowa. Babu.

An haihu a cikin kogon. Shida sun fito, amma na shidan jariri ne. Tsohuwa tana ciki.

Babanta yana zaune a kan wani dutse yana ɗaure igiyar takalmi. Ta tsuguna kusa da shi kamar za ta taya shi.

“Baba,” ta ce a hankali, “Tsohuwa ba ta fito ba.”

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

“Shida na ƙirga.”

“Na shidan jariri ne. Jiya aka haife shi. Babu tsaga a dama, Baba, na duba sau biyu.”

Ya murza tokar da ta rage a yatsunsa.

“Na ji ƙaramin a hannuna,” ya ce. “Na ɗauka gefen nata ne da aka taka.”

“To ka ce musu za ka sake dubawa.”

“Na riga na faɗa.”

“Baba.”

“In na janye, za su tambayi dalili. In ce musu me?” Ya ƙarasa ɗaurin, ya laluba sandarsa. “Taku ɗari ne. In tana ciki zan ji ta, in fito in ce jemagu sun yi yawa yau, a koma gida. Ta san ni tun ba a haifi uwarki ba.”

“Giwa ba ta zama ciki da rana sai in ta ji ciwo. Kai ka koya mini.”

“Ɗauki kayanki, Temko.”

“Me ake ƙus-ƙus a can?” Kiboi ya ɗaga murya. “Kai, jama'a, Malama Shiru tana magana! Akuyata ta shiga uku.”

Ndiema ya miƙe. Ya zaro tocila daga aljihu ya kunna, tocilar da ba ta da wani amfani a gare shi, ya nufi bakin kogon inda ɗan siririn ruwa ke zubowa daga sama. Kiboi ya sunkuya ya sa reshe a toka.

Temko ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba. Ko a aji, in malami ya kira sunanta, sai ta ji harshenta ya yi nauyi. Reshen ya shafe sawu biyu. Babanta ya kai gefen dutsen.

“Kada ka share!”

Kiboi ya ɗago.

“Akwai giwa a ciki. Babana bai gani ba.” Ta nuna bakin kogon da hannu. “Ba ya gani. Idonsa ya rufe. Ni ke ƙirga masa.”

Ba wanda ya motsa. Nyokabi da ta iso tana haki ta tsaya da hannu a baki. Kiboi ya fara murmushi, yana jiran a ce wasa ne. Da bai ji an ce ba, sai ya dubi tokar ƙarƙashin reshensa, ya tsuguna, ya sa yatsa a ɗan ƙaramin sawun. Da ya ɗago, murmushin ya tafi.

“Tun yaushe?”

“Rani biyu.”

“Rani biyu? Rani biyu ina tura mutane cikin ramin nan a bayan makaho?”

“Ɗan Kirui,” Ndiema ya ce wa Kiboi ba tare da ya waiwayo ba, “ni na riƙe kafaɗarka ranar kaciyarka, na ji yadda kake karkarwa, ban faɗa wa kowa ba. Ka iya bakinka.”

Kiboi ya sassauta murya. “Baba, ba rashin kunya ba ne. Ka dawo mu yi magana.”

“Na faɗi shida. Wanda ya faɗa shi ke shiga.”

Ya ratsa ta ƙarƙashin ruwan, duhu ya haɗiye shi. Kiboi ya yi taku biyu ya tsaya. A Kaptelel ba a kama hannun dattijo a ja shi, ko da rijiya zai faɗa. Ya juyo yana duban Temko kamar ita ce za ta gaya masa abin yi. Ta zame igiyar daga goshinta, kayan ya faɗi, ta fizge tocilar da ke rataye a ƙugun Kiboi ta bi babanta.

Ruwan ya sauka mata a wuya, sanyi kamar wuƙa. Ciki kuwa ɗumi ne, da warin kashin jemagu da ta saba da shi, da wani wari sabo a kansa, na jini da ɗanyen nama. Jemagun kan cika wurin da tsiwa tun daga baki. Yau suna nan, ta haska ta gan su dubbai a manne da rufi, amma ba wanda ya yi ƙara. A bango ga zanen haure, layi a kan layi, tsofaffi sun yi baƙi, sababbi farare.

Tana jin muryarsa a gaba yana ƙirga taku.

“Talatin da takwas. Talatin da tara.”

Ta cim masa a arba'in da biyar. Ƙasa a nan a jiƙe take, an tattake ta sosai.

“Koma,” ya ce.

“Ba zan koma ba.”

“Kin gama da ni a waje, me kuma kika biyo ni ki yi?”

Ta kama gefen rigarsa. Ya fizge, ya ci gaba. Hamsin. Hamsin da biyar. Hasken bakin kogo ya koma ɗan tabo a bayansu, sannan hanya ta lanƙwasa, ya ɓace. Ta san gaba kaɗan ta hagu akwai tsagin da ƙasa ta buɗe, inda ake riƙe baƙi a hannu a wuce da su. Sittin da biyu. Sittin da uku.

Bai faɗi sittin da huɗu ba.

“Kashe fitilar,” ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Tasa ya riga ya kashe.

Ta kashe. Duhun ya rufe ta ruf, har ta rasa inda hannunta yake. Da farko bugun zuciyarta kawai take ji. Sai ta ji numfashi, dogo, a hankali, kamar ana jan buhu a kan yashi. Ya tsaya. Ya sake dawowa. Ba daga gaba yake zuwa ba, daga gefensu ne, kusa ƙwarai, har sun kusa wuce shi. Sai wani gurnani ya taso wanda ba da kunne ta ji shi ba, a ƙirji da haƙora ta ji shi. Ƙananan duwatsu suka gangaro daga wani wuri.

Yatsun babanta suka kama wuyan hannunta. Busassu ne, ba sa rawa.

“Tsohuwa,” ya ce a hankali, kamar mai gaida maƙwabciya ta katanga. “Ni ne. Ba mu zo da komai ba. Yanzu za mu tafi.”

Wani abu mai nauyi ya motsa, dutse ya goga da dutse, sai wani nishi mai tsawo. Iska mai zafi ta bugi fuskarta, mai warin ganye da ruɓa. Wani abu mai laushi da danshi ya taɓa goshinta, daidai inda igiya ta yi mata kanta, ya sauka kumatu, ya tsaya a wuya. Ta ji gashinsa. Ta daina numfashi. Ya bar ta ya koma kan babanta, ta ji yana shinshinar rigarsa, ya daɗe a can.

“Da baya,” ya raɗa mata. “Kada ki juya. Inda na ja ki, nan za ki taka.”

Ya fara ƙirgawa a juye. Sittin da biyu. Sittin da ɗaya. Ba ta ganin komai, shi kuwa yana tafiya kamar a tsakar gidansa. “Ɗaga ƙafa, akwai dutse. Matso dama. Sunkuya.” Ta ɗaga, ta matsa, ta sunkuya. A hamsin da uku ƙafarta ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasar, gwiwarta ta bugu, tocilar ta kuɓuce ta yi ƙara a kan dutse.

Giwar ta yi kururuwa.

Kogon ya ɗauka ya mayar sau goma. Jemagun suka saki rufi gaba ɗaya, suka zubo a kansu, fuka-fukai a fuska, a gashi, a baki. A can ciki ana jan wani abu, ana faɗuwa, ana sake ja. Ndiema ya ɗaga ta da hannu ɗaya, bai daina ƙirga ba, bai ƙara sauri ba. Arba'in. Talatin da tara. Da hasken bakin kogo ya fara isowa gare su ta so ta ruga, ya matse hannunta har ta ji ƙashi. Haka suka fito, da baya, ta ƙarƙashin ruwan, jemagu suna fita ta samansu kamar hayaƙi.

Nyokabi tana kuka a ƙirjin mijinta. Kiboi yana tsaye da adda a hannu, shi kansa bai san me zai yi da ita ba. Ndiema ya saki hannun 'yarsa, ya share fuska da hula, ya juya wajen da yake jin numfashin mutane.

“Biyar suka fito, da jariri,” ya ce, da muryar aikin. “Tsohuwa tana ciki. Ƙafarta ta faɗa tsagi, ta karye. Ni na yi kuskure.”

Kiboi ya matso. “Baba, ni dai abin da na ce ɗazu...”

“Yi shiru.”

“A'a, ka bari in...”

“Na ce yi shiru, ɗan Kirui!”

Ya karkata kai. Su ba su ji komai ba sai zubar ruwa. Can sai ga shi daga ƙasa, daga cikin gorar da suka ratso: ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Saman gorar yana kaɗawa alhali babu iska.

“Sun ji kukanta, sun dawo,” in ji Ndiema. “Hanyar gida ta rufe. Akwai tudun dutse ta dama, sama da bakin kogo, inda makiyaya ke shanya fata. Ku hau. Ku bar kayan.”

Baƙin suka fara hawa da hannu da gwiwa, Temko tana tura matar ta baya. Da ta waiwayo, babanta yana gindin dutsen yana shafa shi da tafin hannu, yana neman wurin kamawa. Wannan hanyar ƙafarsa ba ta haddace ta ba. Kiboi ya jefar da addar, ya tsuguna a gabansa.

“Hau bayana, Baba.”

Ndiema ya tsaya. Gora ta sake karyewa, kusa sosai yanzu. Ya jingine sandarsa, ya kama wuyan jar rigar.

Tudun bai fi faɗin tabarma uku ba. Suka zauna a matse. Ndiema ya zauna a can gefe, ya ba Temko baya. Ta dubi ƙeyarsa, furfurar da ruwa ya jiƙa, da kafaɗun da ba ta taɓa lura sun ƙanƙance haka ba. Gwiwarta tana jini. A sama gajimare ya fara taruwa a kan dutsen, baƙi, irin wanda bai kamata a gani ba sai nan da wata guda.

Gorar ta buɗe. Baƙon ya ɗaga abin hotonsa, Kiboi ya danne masa hannu.

Ndiema ya juya fuska wajen ƙarar. Idanunsa farare suna yawo, ba su sauka a kan komai ba.

“Temko.”

“Na'am, Baba.”

“Faɗa mini abin da kike gani. Ki ɗaga murya, su ma su ji.”

Ta matso bakin tudun.

“Babbar 'yar Tsohuwa ce a gaba. Kunnuwanta a buɗe. Ta tsaya a kan kayanmu tana shinshinawa.”

“Sai wa?”

“Mai jegon. Jaririn yana tsakanin ƙafafunta, da kyar yake tafiya. Sauran ukun suna baya.”

“Ta ina suka nufa?”

Temko ta leƙa. Babbar ta bar kayan, ta zo gaban dutsen nan mai kamar ɗaki, ta tsaya. Daga cikin kogon gurnanin ya sake tasowa, tudun da suke zaune a kai ya amsa.

“Ba su shiga ba, Baba. Ta ɗaga hanci sama. Mu take nema.”

“To kowa ya kwanta,” in ji Ndiema. “Ke kuma ci gaba da faɗa.”